Ƙarfen da Ke Kama da Wuta a Kan Ruwa: Amsa ga Wani Ɗan Gwangwan a Agege

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan gwangwan ne a Agege, na daɗe ina saye da sayar da ƙarafa. Ɗana da ke aji biyar na sakandare ya nuna mini bidiyo a waya, an jefa guntun wani ƙarfe a ruwa, ya yi ta gudu a kai, ya kama da wuta, ya fashe. Ya ce sunansa sodiyam. Ni dai a sanina ruwa ke kashe wuta, ƙarfe kuma nutsewa yake yi. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, likita ya ce in rage sodiyam saboda hawan jini. Shi ne muke ci? Kuma yaron ya matsa mini in nemo masa ya gwada a gida.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya yi wa yaro albarka. Abin da ya nuna maka gaskiya ne, babu haɗi a ciki. Mu da ke koyar da kemistiri mukan nuna wa ɗalibai irinsa a ɗakin gwaji, da ɗan guntun da bai kai rabin ƙwayar wake ba. Sodiyam ɗin da likita yake nufi kuwa ya riga ya huce tun kafin ya iso tukunyar uwargida, zan zo kan yadda aka yi. Batun nemo wa yaro ya gwada a gida kuma, a kai kasuwa.

Mu fara da ƙarfen kansa, domin ya saɓa wa kusan duk abin da ka sani a sana'arka. Kai ka saba da rodi da jar waya da alminiyam, kayan da sai an haɗa da guduma da zarto. Shi wannan da wuƙar kicin ake yanka shi. Bai kai ruwa nauyi ba: gwangwanin da zai ci ruwa giram 100, in aka cika shi da sodiyam giram 97 zai auna, in da ƙarfen rodi ne kuwa sai ya doshi 790. Dalilin da ya sa ka gan shi a sama ke nan. Sannan a digiri 98 yake narkewa, wato ruwan shayi bai ma kai ga tafasa ba shi ya riga ya narke, alhali alminiyam sai ya kai 660, jar waya kuwa sai ta haura 1,000. A cikin kwalba ake ajiye shi, a nutse cikin kananzir ko wani man da ba ya ɗauke da ruwa, don kada iska ta taɓa shi. In aka ciro shi, dunƙule ne mai ɓawo toka-toka, ba shi da kyan gani. Da wuƙa ta ratsa shi sai ka ga ciki yana walƙiya fes, launin azurfa. Kafin ka ɗaga ka nuna wa 'yan bayan aji ya dushe. A nan Legas abin ya fi sauri, musamman a Yuni da Yuli da iska ke cike da laima, domin danshin iska ma ruwa ne, kuma ya ishe shi.

Ga abin da ido ke gani in an yi gwajin yadda ya kamata. Malami ya sa tabaron kariya, ya goge kananzir ɗin da takarda, ya ɗauki guntun da hantsaki ya saka a babban kwanon gilashi mai ruwa da yawa, ɗalibai suna can baya. Da ya taɓa ruwa sai ka ji "shuuu". Guntun da aka yanka mai kusurwa nan take ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai sheƙi, alamar ya narke. Sai ya kama zirga-zirga, ya bugi wannan gefen kwanon ya dawo wancan, yana barin wani farin layi a bayansa, yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Wani lokaci a ƙarshe yakan yi "tas", ya watso ɗan ɗigo, kuma wannan ɗigon shi ne abin tsoro ga ido. In an riga an ɗiga wa ruwan wani magani da muke gwada kaifin soda da shi, duk inda ƙwallon ya bi sai ya bar launin hoda. In kuwa aka ɗora guntun a kan jiƙaƙƙiyar takarda yadda ba zai iya gudu ba, zafi ya taru wuri ɗaya, sai ka ga harshen wuta rawaya ya tashi.

To me ke faruwa? Ruwa ba abu guda ba ne, haɗi ne na iska biyu, haidurojin da oksijin, sun riƙe juna gam. Yawancin ƙarafa ba su da ƙarfin raba su. Sodiyam yana da shi. Da ya sauka sai ya ture wani kaso na haidurojin ya maye gurbinsa, haidurojin ɗin da aka tura waje ya fita a matsayin iska. A takardar jarrabawa yaronka zai rubuta shi haka: 2Na + 2H2O → 2NaOH + H2. Wannan NaOH ba baƙo ba ne, ita ce sodar da mata masu haɗa sabulu ke saya a kasuwar Ojota, wadda ke cin hannu. Abu uku ke nan ke fitowa a tare: soda, da iskar haidurojin, da zafi. Giram 23 na sodiyam, wato kimanin cokalin cin abinci ɗaya da rabi, zai ba da soda giram 40, da haidurojin wajen lita 12, da zafin da ya isa ya tafasa ledar fiya wata guda. Gudun da ka ga yana yi ma iskar ce ke ingiza shi: tana fita ta wani gefe fiye da wani, shi kuma yana zamewa a kan iska da tururin da ke ƙarƙashinsa.

Wutar kuma, abin da ya fara kamawa haidurojin ne. Iska ce mai saurin kamawa ƙwarai. In ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki ta isa ta kama, kuma tana ci gaba da kamawa har zuwa kashi 75. Ita kanta wutarta kusan ba a ganinta da rana, tururin sodiyam da ya shiga ciki ne ke rina ta rawaya. Irin rawayar nan ce ta tsofaffin fitilun kan titi kafin zuwan farare na yanzu, domin su ma tururin sodiyam ne a cikin ƙwansu. Maganarka cewa ruwa ke kashe wuta daidai ce a kan itace da katifa da takarda, inda ruwa ke shanye zafi ya kuma tare iska. Sharaɗin shi ne abin da ke ci da wutar ya zama bai iya taɓa ruwan ba. A nan kuwa ruwan ne ma ake tatsar makamashin daga jikinsa, ƙara ruwa ƙara wuta.

Saura dalilin da ya sa sodiyam ke da wannan zafin rai, jar waya ba ta da shi. Kowane ƙarfe tarin ƙwayoyin zarra ne, kowace ƙwaya tana da cibiya mai cajin fozitif, da wasu 'yan ƙananan abubuwa masu cajin negetif da ake kira ilektiron suna kewaye da ita sahu-sahu. Su ne ke gudu a cikin waya muke cewa an kawo wuta. Sodiyam yana da goma sha ɗaya: biyu a sahun farko, takwas a na biyu, duka sun cika, sai ragowar guda ɗaya tilo a waje. Ɗauki motar haya ta danfo da ta cika maƙil daga Oshodi, kowa ya samu kujera, sai mutum ɗaya yana lilo a ƙofa. Ko wane rami aka faɗa, shi ne zai fara sauka. Wannan ilektiron na ƙofa shi ne duk labarin. Ruwa na zuwa ya karɓe shi, sodiyam ya koma mai cikakken sahu, ya natsu, ƙarfin da ya rage ya fita a matsayin zafi.

Ba shi kaɗai ba ne a gidansu. A jadawalin sinadarai da yaronka ke da shi a bayan littafi, wanda ɗan Rasha Dmitri Mendeleev ya tsara a 1869, layin farko daga hagu dangi ɗaya ne, kowannensu da ilektiron guda a waje: litiyam, sodiyam, fotasiyam, rubidiyam, siziyam. Duk wanda ya fi ƙasa a layin ya fi yawan sahu, ilektiron ɗinsa na waje ya fi nisa da cibiya, ya fi sauƙin ƙwacewa. Litiyam yakan yi ta kumfa a hankali a kan ruwa, ba ya narkewa. Fotasiyam ba ya jiran a tare masa hanya da takarda, yana taɓa ruwa yake kamawa, da wuta mai launin shuni-shuni, ya yi ta tartsatsi. Rubidiyam da siziyam sun fi ruwa nauyi, nutsewa suke yi su fashe a ciki, har su kan tarwatsa kwanon. Siziyam a digiri 28 da rabi yake narkewa, ke nan da za a ajiye kwalbarsa a shagonka da azahar a watan Maris, narkakke za ka tarar da shi.

A nan akwai wurin da ɗalibai da yawa ke zamewa, har da wasu malaman. Suna zaton wanda ya fi fashewa shi ya fi ba da zafi. In aka auna ƙwaya da ƙwaya, litiyam ɗin nan mai sanyin hali ya fi su duka fitar da zafi a ruwa. In kuwa giram da giram ne, tazarar ta fi haka nesa: haidurojin ɗin da giram 7 na litiyam zai fitar, sai an sa giram 23 na sodiyam, ko giram 133 na siziyam, kafin a samu kwatankwacinsa. Abin da ya bambanta su sauri ne. Litiyam sai a digiri 180 yake narkewa, don haka yana nan a dunƙulensa, ruwa na cin bayansa kaɗan-kaɗan, zafin na bin ruwa yana watsewa. Sodiyam na narkewa a 98, fotasiyam a 63, kuma narkakken ƙarfe kullum sabuwar fuska yake miƙa wa ruwa. Zafi ya narkar da shi, narkewar ta ƙara sauri, saurin ya ƙara zafi. Shi ya sa ɗan guntu ke rawa kawai a kan ruwa, babban dunƙule kuma ya tashi da rufin ɗaki, alhali ƙarfe ɗaya ne.

Shekara da shekaru littattafai suna cewa fashewar ta haidurojin ce da tururi, aka tsaya a nan. Amma akwai abin da bai zauna ba. In iska da tururi suna fita tsakanin ƙarfe da ruwa, ai kamata ya yi su raba su, faɗan ya lafa, ba ya tsananta ba. A 2015 wasu masana a birnin Prague na ƙasar Cek, cikinsu har da Pavel Jungwirth da Philip Mason, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Nature Chemistry. Sun haɗa sodiyam da fotasiyam, haɗin da ke zama ruwa-ruwa ko ba a ɗumama shi ba, suka riƙa ɗiga shi a ruwa suna ɗauka da kyamara mai ɗaukar dubban hotuna a sakan ɗaya. Sai suka ga tun kafin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ya cika, ɗigon ya fitar da tsinaye ta ko'ina sun soki ruwan, ruwan da ke kewaye kuma ya yi wani shuɗi na ɗan lokaci. Bayaninsu shi ne ilektiron na fita daga fatar ƙarfen a guje su shige ruwa, su ne shuɗin nan, su bar ƙwayoyin ƙarfe zalla masu cajin fozitif a cunkushe. Fozitif da fozitif kuwa ba sa zama inuwa ɗaya, sai su ture juna, ƙarfen ya yayyaga kansa, ya cakuɗe da ruwa kafin tururi ya samu damar shiga tsakani. Ina son wannan binciken don gwajin ya fi shekara 200 ana yinsa a gaban jama'a, kowa na ganin an gama saninsa.

In kana son ganin abin da mai yawa ke yi, akwai tsohon fim ɗin labarai na 1947 da ke yawo a intanet. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta rasa yadda za ta yi da rarar sodiyam kimanin tan tara, aka mirgina gangunansa cikin tafkin Lenore a jihar Washington. Hayaƙi ya turnuƙe, ruwa ya riƙa tashi sama. Yau ba mai yarda a yi haka. A Japan ma, a Disamban 1995, narkakken sodiyam da ake sanyaya tashar nukiliya ta Monju da shi ya tsiyaya daga bututu ya kama da wuta, tashar ta shafe shekaru a rufe.

Yanzu ga maganar likita. Tunda sodiyam ba ya haƙuri da ruwa ko iska, babu inda za a haƙa ƙasa a same shi a matsayin ƙarfe. Duk sodiyam ɗin da ke cikin ƙasa da teku ya riga ya ba da ilektiron ɗinsa tun fil'azal, ya haɗe da wani abu ya zauna lafiya. In ya haɗu da kulorin, wadda ita ma a karan kanta iska ce mai guba, sai a samu gishiri, na teku ne ko na Bilma. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi ita ma mafi yawanta sodiyam ne a wani haɗin daban. Tekun nan da ke gabanmu, kowane kilo na ruwansa na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wajen giram 11 daga ciki sodiyam ne, ga shi tsundum a ruwa ba ko hayaƙi. Wanda ya fara raba shi ya fito da ƙarfen shi ne Humphry Davy, a Landan a 1807, ta hanyar tura wutar batir cikin narkakkiyar soda, kwanaki kaɗan bayan ya fitar da fotasiyam ta irin wannan hanya. Har gobe da lantarki ake yinsa: a narkar da gishiri a ɗaruruwan digiri, a tura masa wuta mai yawa, a mayar wa sodiyam ilektiron ɗinsa da ƙarfin tsiya. Ƙarfin da ka gani yana fita a bidiyon nan, na lantarkin da aka ɗura masa ne a masana'anta. Cikin ɗan Adam ba shi da hanyar yin wannan aikin, don haka gishirin miya ba zai taɓa komawa ƙarfe a jikinka ba.

Matsalarsa ga mai hawan jini daban ce. Jiki na buƙatarsa, jijiyoyi da zuciya ba sa aiki sai da shi da fotasiyam, shi ya sa ake ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari. Amma in ya yi yawa yana riƙe ruwa a cikin jini, jinin ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi, wanda ya yi daidai da giram 2 na sodiyam. Kuma a gaya wa uwargida lissafin ba na gishiri kaɗai ba ne. Dunƙulen ɗanɗano da farin magi da kanwar da ake jefawa a wake ko miyar kuka, da yajin tsire, duk suna ciki. Sauran bayani na likitanka ne.

Ƙarafan da ke filinka ma kowanne da irin zamansa da ruwa, kuma a kan haka aka jera su sahun da ake tambaya a WAEC: fotasiyam, sodiyam, kalsiyam, magniziyam, alminiyam, zink, baƙin ƙarfe, dalma, jar waya, har zuwa azurfa da zinare. Zinare ko a jikinsa, shi ya sa masu haƙa a Zamfara da ruwa suke wanke shi daga ƙasa, ya fito a ƙarfensa. Baƙin ƙarfe yana yi, amma a shekaru, kuma sai da iska. Tsatsa ke nan, wadda gishirin iskar teku ke ƙara wa sauri, ka duba kwanon rufi a Ijora ka gwada da na Kano. Alminiyam ne mai ruɗarwa. Bisa sahu ya kamata ya ci ruwa, amma yana da wata siririyar fata da iska ke yi masa nan take, ita ke kare shi. Soda tana cinye wannan fatar. Mai haɗa sabulu da ta jiƙa soda a tukunyar alminiyam za ta ga tukunya na kumfa tana zafi, kumfar nan haidurojin ce. Roba mai kauri ake amfani da ita. Masu narka gwangwani su zuba tukwane kuma haɗarinsu wani ne: ruwa in ya zama tururi yana kumbura wajen sau 1,700, saboda haka gwangwanin lemo mai ragowar ruwa a ciki in ya nutse a narkakken alminiyam, watso shi zai yi a fuskar mai aiki. A busar da kaya sarai kafin su shiga wuta. Magniziyam, wanda ake samu a jikin wasu kayan inji da wasu ƙafafun mota marasa nauyi, lafiya lau yake da ruwan sanyi, amma in garinsa ko ɓarɓashinsa ya kama, da farar wuta mai kashe ido, watsa masa ruwa ƙara masa ƙarfi ne.

Shi sodiyam ɗin kansa da wuya ya zo maka a buhun 'yan jari-bola, amma ba a rasa hanya. Wasu injinan jirgin sama da na motoci masu ƙarfi suna da bawul ɗin fitar hayaƙi mai rami a ciki da aka zuba wa sodiyam don ya riƙa kwashe zafi. Bawul ɗin da ba ka san asalinsa ba kada yara su yanka shi ko su jefa a wuta. Hanya ta biyu ita ce kayan da ake kwasowa in an share tsohon ɗakin gwaji na makaranta ko kamfani. Kwalba mai mai a ciki da wasu dunƙulallun abubuwa toka-toka a kwance a ƙasa, ko an goge rubutun jikinta, kada a buɗe, kada a zubar da man don a ɗauki kwalbar, kada kuma a tuntsurar da ita a kwata. Tsohon fotasiyam yakan yi ɓawo rawaya wanda yanka kawai kan sa ya fashe. A ajiye ta a busasshen wuri sama da inda ambaliya ke kaiwa, a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas, a gaya musu abin da aka gani.

In Allah Ya kiyaye irin wannan ƙarfe ya kama, ba ruwa, ba tukunyar kashe gobara mai kumfa, ba mai iskar nan ta kabon. Busasshen yashi ko busasshen gishiri ake binne shi da shi, kuma na nanata busasshe, domin yashin Legas da ka ɗebo a waje ko da rani jiƙaƙƙe ne a ciki. In guntu ya faɗa a fata, a fara cire shi da hantsaki ko busasshen ƙyalle, sai an tabbata ba saura sannan a kwarara ruwa mai yawa a daɗe ana yi. In ruwan sodar ne ya shiga ido, ba jira, a buɗe idon a ƙarƙashin ruwa mai gudu minti ashirin ko fiye, a wuce asibiti ko da zafin ya lafa. Soda ta fi ruwan batir mugunta a ido, don narkar da nama take yi tana ƙara shiga ciki.

A gaskiya ma abin da ya fi kusa da kai a unguwa ba sodiyam ba ne, kabayid ne na 'yan walda da masu gyaran jikin mota. Shi ba ƙarfe ba ne, amma shi ma in ya ji ruwa iska mai kamawa yake fitarwa, ita ce ake hura wutar walda da ita. Gwangwaninsa a ƙasan shago ranar da ruwa ya shigo gari, ga janareta na aiki a gefe, ba sai na faɗa ba. Haka ƙwayar da 'yan hatsi ke sa wa buhun wake da masara, danshin iska kawai take jira ta saki iska mai kisa, ba a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa mata. Batiran waya da na sola kuwa, duk da sunan litiyam da ke jikinsu, ba ƙarfen zalla ba ne a ciki, gobararsu daga huda su ko matse su ko zafi take tasowa. Ƙananan batiran nan masu faɗin kwabo da ba a cajinsu su ne ke da ƙarfen litiyam na gaske, kada a fasa su.

Shi kuma yaro, sha'awar da yake da ita abar so ce, kada a kashe masa ita da tsawa. Abin da bidiyo ba ya nuna masa shi ne inda ruwan sodar ya sauka bayan fashewar, kuma a tsakar gidan haya na Agege, da ƙannensa a tsaye suna kallo, ba inda za a ja da baya. Ya je wurin malaminsa na kemistiri ya roƙa a nuna wa ajinsu in makarantar na da kayan kariya. Kafin nan ga aikin da zai yi a gida ba tare da haɗari ba: ya ɗan barbaɗa gishiri a harshen wutar gas na kicin, kana tsaye, ya ga rawayar nan ta bayyana. Sannan ya zauna da biro ya lissafa maka lita nawa na haidurojin giram 46 na sodiyam zai fitar, ya kuma yi maka bayani da Hausa dalilin da ya sa fotasiyam ya fi sodiyam saurin kamawa alhali litiyam ya fi su duka ba da zafi. In ya kawo amsa ka turo mini in duba masa.